Maƙwabtan Unguwa ta Arba'in da Ɗaya

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau Darakta ta ajiye mini aikin da na yi wata biyu ina fatan ya faɗa kan teburin wani. Ƙananan asibitoci shida za a rufe a garin nan, a rarraba ma'aikatansu, kuma ni zan fitar da jerin, tunda ni ce mai taswira a sashen tsare-tsare na ma'aikatar lafiya. Ta ce kada in damu, ai ba ni zan zaɓa ba, kwamfuta ce. Haka ake faɗa kullum. In abu ya yi kyau, aikin ma'aikata ne. In ya ɓaci, sai a fara tambayar wa ke zama a gaban kwamfutar.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don in ga ko ni kaina na fahimta. Unguwa sittin da uku ne a kan taswirar, kowacce da lambarta. Manhajar tana bin iyakoki: duk unguwa biyun da layinsu ya haɗu, maƙwabta ne a wurinta. Sai ta raba nauyi a tsakaninsu daidai wa daida. Mai maƙwabta huɗu, kowanne rubu'i. Mai biyu, rabi-rabi. Da wannan nauyin take auna gadaje da ma'aikatan jinyar da ke kewaye da kowace unguwa. Wadda maƙwabtanta suka fi wadata, ita ake ganin za ta iya zama ba tare da nata asibitin ba. Shidan da ke sama su za a rufe.

Abin da nake so a manhajar shi ne in danna unguwa ta yi ja, maƙwabtanta su yi ruwan ɗorawa, nauyin kowanne ya fito a gefe. Na yi ta dannawa har la'asar kamar yarinyar da aka saya wa abin wasa. Sau biyu na zo kan 41 na tsallake.

Talata, 7 ga Oktoba

Jerin ya fito. 41 ce ta biyar.

Na tashi na zagaya ofis, na sha ruwan da ba na jin ƙishinsa, na dawo. Tana nan ta biyar.

A 41 Inna, mahaifiyata, take. Gida biyar ne tsakaninta da ƙaramin asibitin. Tunda ciwon suga ya buɗe mata miki a ƙafar hagu, Sista, ma'aikaciyar jinyar asibitin, ce ke wanke mata shi duk Talata da Juma'a. Ran da ƙafar ta kumbura, Sistar ce ke tako wa har ɗaki da kwanon kayan aikinta. Shekara ɗaya da rabi ke nan.

Na danna 41 ɗin a ƙarshe. Maƙwabta uku: 40, 55, 42, kowacce kashi ɗaya cikin uku. To a 42 babban asibiti yake, gado ɗari uku da wani abu. Sulusin wannan kaɗai ya isa ya sa 41 ta zama kamar mai zaune cikin daula. Abin da kwamfutar ba ta sani ba, layin nan da ta ga sun haɗu a kai ba titi ba ne, babbar magudanar ruwa ce. A bakinta na girma. Katako uku aka jera ake ƙetarewa, duk damina ruwa ya kwashe, a sake jerawa. Na taɓa faɗawa ciki da kayan makaranta, Inna ta wanke ni sau uku ban daina wari ba. A kan wannan katakon ake so tsohuwa mai miki ta bi?

Laraba, 8 ga Oktoba

Na kira Inna da rana. Lafiya lau, ƙafa da sauƙi, Sista ta ce naman ya fara tasowa. Ta tambayi yara. Ta tambaya yaushe zan leƙo, na ce aiki ya yi mini yawa, wanda kuma gaskiya ne.

Bayan na ajiye na lissafa. Ƙarshen Agusta ne rabona da can. Na ɗauka bai kai haka ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na yi.

Fayil ɗin nauyin ba wani abin tsoro ba ne, rubutu ne zalla. Kowace unguwa layi biyu: lambarta da yawan maƙwabtanta, sai a ƙasa lambobinsu. Malam Alƙaluma, dattijon da ke kula da ƙididdiga, wanda teburinsa ke kallon nawa, ya fita sallar azahar. Na buɗe fayil ɗin, na nemo 41, na mai da uku ta koma biyu, na goge 42. Dannawa huɗu. Na sake lissafin.

41 ta gangara ta koma ta goma sha tara. Kowa ya matso sama da mataki ɗaya, sai 17 ta shigo ta zama ta shida.

Ba maguɗi ba ne. Gyara ne. Na san ƙasar, kwamfutar ba ta sani ba, aikina ke nan in gaya mata. In da za a tsayar da ni gaban kowa zan maimaita haka. To me ya sa da Malam ya dawo ya ce sannu da aiki, na zabura har na zubar da shayi a kan takardu?

Juma'a, 10 ga Oktoba

Ban san kowa a 17 ba. Na yi tunani sosai, babu ko mutum ɗaya.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na wanke labulen da aka wanke makon jiya. Na fitar da duk kayan kabad na sake jerawa. Na yi wa yara faɗa a kan murfin biro. Baban yara yana kallona daga kujera har ya gaji, ya ce in akwai sauran ƙarfi motarsa na waje tana neman wanki.

Na ba shi labarin, amma rabi. Magudanar na faɗa masa, da katakon, da wautar kwamfuta. Ya ce ai na kyauta. Sai ya tambaya, shi kuma wanda aka cire daga jerin, wa ya maye gurbinsa? Na ce masa ba zai gane ba, aikin lissafi ne. Ya ce to, ya koma kan jaridarsa. Wannan "to" ɗin nasa ya fi faɗa ciwo, kuma ya sani.

Litinin, 13 ga Oktoba

Gwajin gabatarwa yau, kafin a kai wa manya. Ni, Darakta, Malam Alƙaluma, taswira a jikin bango ta na'urar haskawa. Komai na tafiya daidai, har Darakta ta ce launukan sun yi kyau.

Sai Malam ya ce yana son ganin unguwa nawa ne ke jingine da babban asibiti, in danna masa 42. Na danna. Bakwai suka yi ruwan ɗorawa. Cikinsu har da 41, tana haske kamar an kunna mata fitila.

Layin 41 na gyara, ban taɓa layin 42 ba. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aikin, na manta abin da ake koya wa ɗalibi a makon farko.

Ya ce in danna 41. Biyu suka haska.

Darakta tana amsa waya a lokacin, ta juya baya. Malam ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya ce mu ci gaba. Ban san me na faɗa ba a sauran minti ashirin ɗin.

Talata, 14 ga Oktoba

Ya jira kowa ya fita cin abinci. Ya jawo kujera, ya ajiye mini takarda ɗaya mai lamba ɗaya a jiki: 339.

Ya ce tun ranar Juma'a ya gani, kafin ma taswirar bango. Jimlar haɗin maƙwabta ke nan a fayil ɗina, kuma wannan jimlar ba ta taɓa ƙin rabuwa biyu, don kowace iyaka sau biyu ake ƙirga ta, daga nan da daga can. Ta asali 340 ce. Ya yi ƙarshen mako yana fatan kuskuren na'ura ne.

Na fara zuba: magudana, katako, damina, har warin sai da na kwatanta masa. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "'Yata, na yarda da magudanarki. Guda nawa ne irinta a garin nan? Nawa kika goge?"

Ya tambaya wa nake da shi a 41, na faɗa. Ya jinjina kai, ya yi wa Inna addu'ar samun sauƙi, kuma na san har zuciyarsa ya yi ta. Sannan ya ce ba zai kai ni gaba ba, amma ba zai sa hannu a wannan jerin ba, kuma ranar Juma'a Darakta za ta tambaye shi dalili. Ya ce ya fi so ta ji daga bakina.

Laraba, 15 ga Oktoba

Haushi nake ji, kuma ban san na wa ba. Shi ba shi da uwa mai miki. Saura wata takwas ya yi ritaya, sai ya zauna yana ƙirga abin da ke rabuwa biyu da wanda ba ya rabuwa.

Na buɗe fayil ɗin da safe. In na goge 41 daga layin 42, jimla ta zama 338, ta rabu biyu, taswira ta yi tsaf ta kowane ɓangare. Na kai hannu. Na fasa. Ba zan yi wa kaina ƙarya a nan ba: ba tsoron Allah ne ya fara hana ni ba, sanin cewa ya riga ya gani ne. Tsoron Allahn daga baya ya iso, yana haki.

Na danna 17 na zauna ina kallo. Maƙwabta biyar, kowanne kashi ɗaya cikin biyar. A allo kamar 'yar gata. Na nemi motar ofis gobe.

Alhamis, 16 ga Oktoba

17.

Baba direba ya yi dariya da na faɗa masa inda za mu. Ya ce wurin nan ƙofa ɗaya gare shi kamar tulu. Na nuna masa taswira, maƙwabta biyar. Ya ce to mu je in gaishe su.

Ta arewa babban titi ne mai layi shida, da katangar kankare a tsakiya da waya a kanta. Maƙwabta biyu ke nan, suna can tsallake ana hango rufinsu. Ta gabas katangar masana'anta, mun bi ta da mota minti huɗu ba ƙofa ko ɗaya. Ta kudu layin dogo da shinge. Hanya ɗaya ce tal ta yamma, ita ma sai an yi zagaye mai nisa, kuma unguwar da take ɓullewa ba ta da ko shagon magani na kirki.

Asibitin ɗaki uku ne da baranda. Na ƙirga mutum arba'in da biyu a kan benci da ƙasa. Nas ɗaya ce, wata doguwa mai muryar maza, tana allura tana amsa tambaya tana korar akuya duk a lokaci ɗaya. Da ta ga motar ma'aikata fuskarta ta washe, ta ɗauka maganar rufin da ke yoyo ce ta kawo ni, takarda huɗu ta rubuta a kai. Ta ɗauko mini kujera ɗaya tilo mai majingina, ta goge da hannunta.

Na tambaye ta, in abu ya fi ƙarfinta fa? Ta ce da rana a yi zagaye. In kuma abin gaggawa ne, akwai inda samari suka yanke wayar titin. Watan jiya a nan aka ɗaga wata mai naƙuda aka ƙetare da ita kan kankaren, mutum huɗu, wasu biyu suna tsayar da motoci da hannu. Ta faɗi haka tana neman jijiyar wani yaro, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ban gaya mata abin da ya kawo ni ba. Na duba rufin, na ɗauki hotonsa, na ce za a duba. Ta raka ni har mota tana godiya.

A hanya Baba direba ya yi ta hira. Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yarinya. Matar nan ba ta da kowa a ofishinmu, shi ke nan laifinta.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Na faɗa wa Darakta, a tsaye, Malam na zaune a gefe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Mahaifiyarki." Ta ce takardar gargaɗi za ta shiga fayil ɗina, kuma in gode wa Allah jerin bai fita daga ɗakin nan ba.

Malam ne ya juya maganar. Ya ce abin da na yi ba daidai ba ne, amma abin da na gani daidai ne, kuma in za a gyara wa unguwa ɗaya sai a gyara wa sittin da uku. Na nuna hotunan 17. Darakta ta daɗe a kan hoton wayar da aka yanke. Ta ba mu zuwa ranar 27, ko kwana ɗaya ba ƙari.

Ni na rubuta ƙa'idar, da hannuna: iyaka ba za ta zama maƙwabtaka ba sai in akwai inda mutum zai tura keken marar lafiya ya ƙetare, rani da damina. Mu uku muka sa hannu. Darakta ta ƙara sharaɗi ɗaya, cewa iyakar 41 Malam ne zai duba ta. In na so in bi shi, amma bakina a rufe.

Na fito da sauƙi a ƙirjina. Da wannan ƙa'idar 17 ta tsira, 41 ma ta tsira, kuma ta hanyar gaskiya. Keke a kan katako uku? Har na saya wa yara alawa a hanya.

Litinin, 20 ga Oktoba

Iyaka ɗari da saba'in. Daga hoton sama mun ware ɗari da talatin da ɗaya, tituna ne kawai. Talatin da tara sai an je da ƙafa, don hoton ya kai shekara uku. Mun aro keken marasa lafiya daga sito, muka ɗora a bayan mota.

Goma sha ɗaya yau. Ƙafafuna.

Talata, 21 ga Oktoba

Baba direba ya fi manhajar sanin gari, kuma ba ya bari mu manta. Kafin mu isa wuri ya faɗi abin da za mu tarar, in ya dace ya ce da mun tambaye shi tun farko da an huta da sayen kwamfuta. Malam kuwa ya ƙi yarda da maganar baki. Sai ya zauna cikin keken da kansa, da tabarau da allon rubutu a cinya, ni in tura. Mutane na ta yi masa sannu. Wata tsohuwa har ta yi mini faɗa na bar mahaifina cikin rana.

Mun tarar da akasin abin ma. 8 da 23 a taswira ko taɓa juna ba su yi, siririn fili ne a tsakaninsu, ashe kasuwa ce, rabin garin ta nan yake bi. Mun ƙara su.

Laraba, 22 ga Oktoba

Goma sha biyu. Ruwa ya dake mu. Gobe 41. Na kasa zama wuri ɗaya, na goge takalman gidan nan kaf.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Akwai gada.

Ta kankare, mai faɗi, da ƙarfen riƙewa hagu da dama, da gangara a kowane baki ba matakala. Muna tsaye wani mai kurar ruwa ya turo jarka goma ya wuce ko tangaɗi bai yi ba. 'Yan makaranta na ta gudu a kai. An ma shafe gefen magudanar da siminti.

Malam bai dube ni ba, Allah ya saka masa. Ya shiga keken, ya duba agogo, ya ce mu fara daga ƙofar ƙaramin asibitin. Na tura. Minti goma sha ɗaya zuwa ƙofar babban asibiti. Ya rubuta. Ya ce shi da Baba direba za su nemi shayi, in je in gai da Inna.

Na same ta a tsakar gida ta miƙe ƙafa a kan matashi. Murna kamar na dawo daga wata ƙasa. Ban ko gama gaisuwa ba na tambaye ta yaushe aka yi gada.

"Gadar? Ai ta haura shekara, Auta. Na faɗa miki a waya ranar da aka buɗe. Kina ta cewa to, to, ina jin ƙarar abin nan da kike bugawa."

Ba da gori ta faɗa ba. Ta ma wuce maganar, ta shiga tambayar ko na ci abinci.

Ta titin 40 nake shigowa kullum, in tsaya a ƙofar gida, in sauke kaya, in yi awa ɗaya ina duba waya, in fita ta inda na shigo. Bayan gidan, inda magudanar take, taku ɗari biyu ne. Na sa aikina a kan layi, na kusa rufe wa mutum arba'in da biyun can ƙofa, a kan katakon da babu shi. Ni da na ce na san ƙasar.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Mun shigar da komai. Iyaka ashirin da huɗu sun fita, biyu sun shiga. Da aka zo kan 41 Malam ya tashi daga kujerar ya ce in zauna. Na mai da biyu ta koma uku, na rubuta 42. Dannawa huɗu, kamar wancan karon.

Jimla 296. Ta rabu biyu.

17 ta koma ta hamsin da takwas, maƙwabci ɗaya ya rage mata. 41 ta uku.

Na danna 41, 42 ta haska. Na danna 42, 41 ta haska. Na shiga banɗaki na yi kuka na wanke fuska na dawo, muka buga takardar.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Na je na faɗa mata da bakina, kafin ta ji a unguwa. Duka na faɗa, har da gogewar, har da takardar gargaɗin. Na shirya wa faɗa, ko na rufe asibitin ko na maguɗin.

Abin da ta fara tambaya, ina za a kai Sista. Na ce ban sani ba tukuna. Ta shiga gyara bandejin da ba ya bukatar gyara. Sai ta tambaya su mutanen 17 ɗin, da gaske ta kan katanga aka ɗaga mai ciki? Na ce da gaske. Ta ce to ai babu magana.

Na ce wankin ƙafar fa, sau biyu a mako, ga layi a babban asibiti, ga shi ba ta iya taka minti goma sha ɗayan.

"Kada ki sa wannan a ranki. Kina da aiki. Zan san yadda zan yi."

Shekara ɗaya da rabi abin da take faɗa mini ke nan, ni kuma in karɓa in sa a aljihu in tafi. Sista na yin Talata da Juma'a, ni ina yin waya. Duk hanyar dawowa ina tambayar kaina wa nake kare wa asibitin nan ranar da na goge lambar. Ba na son amsar, don haka ba zan rubuta ta ba.

Litinin, 27 ga Oktoba

An miƙa. Manya sun yaba da sabuwar ƙa'idar, wani har ya ce a riƙa yin haka a ko'ina. Darakta ta ce aikin sashe ne gaba ɗaya. Takardar gargaɗin tana nan a fayil, na sa hannu na karɓi kwafi.

Na tura hoton rufin 17 ga sashen gine-gine, karo na biyar ke nan da ake faɗa musu. Gobe zan bi da ƙafa.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

An rufe na 41 yau. Sista ta yi wa Inna wankin ƙarshe, ta rubuta mini komai a takarda: wane magani, wane irin bandeji, wace alama in na gani kada in jira. An tura ta 17, Malam ne ya ba da shawarar. Ta ce motoci biyu za ta riƙa hawa, amma ta ji labarin doguwar nas ɗin, tana son ganin ta. Inna ta riƙe hannunta ta ƙi saki har sai da na kau da kai.

Talata, 18 ga Nuwamba

Na roƙi Darakta safiyar Talata da Juma'a, in shigo sha ɗaya in biya da yamma. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce zuwa yaushe. Na ce na ɗan lokaci ne, kafin in samu wanda zai riƙa kai ta. Ban fara nema ba tukuna, mako ya yi mini cunkoso.

Minti goma sha ɗayan Malam, da Inna a cikin keke minti ashirin da shida ne. Sai ta gai da mai shago, ta gai da mai faci, ta tsaya a tsakiyar gada ta nuna mini daidai inda na faɗa, tana dariya har keken na girgiza. Kowa ta nuna ni ta ce Autarta ce, mai taswira. Rabinsu sun ɗauka ba a garin nake ba.

Layi ya yi tsawo, mun yi awa ɗaya da rabi. Wayata na jaka, sai da muka fito na tuna da ita. Ta ba ni labarin yadda suka fara zama a gidan da take ciki ita da mahaifina, wanda ban taɓa ji ba, ko kuma na ji ina cewa to, to. Nas ɗin ta ce mikin na rufewa, in aka ci gaba haka wata biyu ya isa. Inna ta dube ni da ta ji wata biyun, ni kuwa na sunkuya na juya keken.

Gangarar dawowa ta fi wuya, takalmin ofis na zamewa. Na sayi silifas a bakin gadar. Na bar su a bayan ƙofar ɗakin Inna, mantuwa na yi. Sai dai su zauna can, ai ba su da amfani a nan.